Sana'ar Da Na Baro A Sabon Gari Ta Tarar Da Ni A Shikago

Ni mai gyaran talabijin ne, irin ta da ɗin nan mai ƙusumbi, wadda babbarta sai ƙarti biyu suke iya ɗagawa. A Sabon Garin Kano na koyi sana'ar bayan na gama sakandare, a ƙarshen shekarun 1980, a hannun wani dattijo da mahaifina ya damƙa ni gare shi. Ba ya barin sabon yaro ya taɓa ƙarfen dalma. Aikinka shara, sayo abinci, kwance sukurori, da riƙe masa madubi a gaban talabijin don ya riƙa ganin hoton yayin da hannunsa yake aiki ta baya. Idan aka kawo wadda ba ta nuna komai, ba ya fara ɗaukar mita. Kunna ta yake yi ya ce kowa ya yi shiru, ya saurara, ya shinshina, ya kai bayan hannunsa jikin gilashin, sannan ya leƙa wuyan kwalbar hoton, wato babban gilashin da fuskarsa take nuna hoto. Mu yara muna gunaguni a ɓoye, wai tsoho yana ɓata lokaci. Da ya yaye ni na buɗe nawa shagon. Da shi na yi aure, da shi na sayi fili, har ni ma na ajiye yara.

Daga tsakiyar shekarun 2000 kasuwa ta fara juya mana baya. Filasma ta shigo, kowace amarya ita take so a jikin bango, mai ƙusumbi kuma ta koma ɗakin yara, daga nan sai bola. A 2008 kamfanin Sony da kansa ya daina ƙera kwalbar Trinitron, wadda mu masu gyara muke ɗauka ba ta da na biyu. Gyaran filasma kuwa yawancinsa cire fanel ne ka sa wani. Samarin da suka koyi gyaran waya a kasuwar Farm Centre suka fi mu ciniki nesa ba kusa ba. Akwai ranar da zan buɗe shago in rufe, ko kuɗin mai ban samu ba. Ana cikin haka Allah Ya sa sunana ya fito a cacar bizar Amurka, tun kafin a cire Najeriya daga cikin tsarin. A 2010 na tattara iyalina muka sauka a Shikago.

Ba zan tsaya ba da labarin sanyi da kaɗaici ba, duk wanda ya je ya sani. Aikin da na samu na lodin kaya ne a wani babban sito kusa da filin jirgin sama na O'Hare, aikin dare. Alhamdulillahi ana ci ana sha, yara suna makaranta. Abin da yake ci mini rai shi ne babu mai tambayata me na iya. Tsohuwar mitata mai allura tana ƙasan akwati, naɗe cikin tsumma, uwargida har ta taɓa cewa in ba wa yara su yi wasa da ita.

Mai gidan da muke haya wani tsohon Bature ne, mutumin kirki, shi yana ƙasa mu muna sama. Wani bazara ruwa ya ɗan shiga ɗakin da ke ƙarƙashin gidan, ya roƙe ni in taya shi janye kaya. A can lungu na ga wani akwatin katako shuɗi, ya kusa kai tsayina, an yi masa zane da ruwan ɗorawa da ruwan hoda, ga gilashi a gaba, ga sandar sarrafawa, ga ƙofar ƙarfe mai ramukan jefa kwabo. Ya ce sunan wasan Ms. Pac-Man, ya saye shi ne lokacin da wani gidan cin abinci na unguwar zai rufe, 'ya'yansa sun yi ta bugawa har suka girma. Wata rana allon ya ɗauke, bai sake dawowa ba. Wanda ya kira ya duba ya ce masa a fasa kwalbar kawai a sa allon kwamfuta na zamani, shi kuma zuciyarsa ta ƙi.

Na haska tocila ta ramukan shan iska na baya. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ga kwalba, ga naɗin wayar jan ƙarfe a wuyanta, ga jar wayar nan mai kauri da ke tashi daga filaibak, wato tiransifomar da ke samar da babbar wuta, ta je ta manne a jikin gilashi da kofin roba. Talabijin ce zalla, sai dai ba ta da abin kamo tasha, kuma an kwantar da ita a gefenta don hoton ya yi tsawo. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka ba ni mabuɗin bayan nan." Ya dube ni ya ce, "Ka san kan irin wannan ne?" Na ce da shi na ci abinci kafin in zo ƙasarku.

A ƙasan akwatin, cikin ƙura da kashin ɓera, na tarar da littafin injin, har da taswirar wayoyinsa gaba ɗaya. Mu a Kano sai mu shekara ba mu ga taswirar talabijin ɗin da muke gyarawa ba, da ka muke bi. Adireshin kamfanin Midway da ke jikin littafin yana Franklin Park, unguwar da nake ratsawa kullum in zan tafi aiki. Asalin Pac-Man na kamfanin Namco ne na Japan, ya fito a 1980, Midway ne ya riƙa ƙera akwatunansa a Amurka, sannan a 1982 suka fitar da wannan ta macen, suka sayar da sama da 100,000. Allon da ke ciki kuwa na Electrohome ne, wani kamfanin Kanada, samfurin da ake kira G07.

Da na cire murfin baya na kunna, komai ya mutu, har fitilar saman da take kamawa a da. Ashe akwai wani makunni da murfin yake dannewa, da an cire murfin sai ya yanke wuta gaba ɗaya, don kada mai gyara ya sa hannu a cikin wuta. Jawo ɗan sandansa ake yi waje idan ana son wuta alhali baya yana buɗe. Na sha ganin mutane daga baya sun tayar da hankalinsu a kan wannan makunnin, suna cewa sun ƙarasa kashe injin.

Tambayar farko a irin wannan aiki ita ce: allon ne ya mutu, ko ƙwaƙwalwar wasan ce ba ta aiko masa da komai? Fuska baƙa ce a duka biyun, amma gyaransu ba ɗaya ba ne. Na buɗe ƙofar kwabo na danna maɓallin da ke ba da wasa kyauta, na danna na farawa. Sai kiɗa ya tashi. Na motsa sanda, na ji ƙarar cinye ɗigo-ɗigon nan, can kuma na ji an kama ta. Tsohon ya yi dariya, ya ce rabonsa da jin wannan kiɗan tun matarsa tana da rai. Wasan yana gudana ke nan a makance, fanel ɗinsa lafiya lau, wutarsa tana zuwa. Ciwon yana wajen allo.

Na kashe fitilar ɗakin na leƙa wuyan kwalbar. A mai lafiya za ka ga ɗan jan haske kamar garwashi a can ƙarshen wuya, shi ne zaren da ke ɗumama bindigogin hoton guda uku. Babu. Na kai bayan hannuna kusa da gilashi, gashin hannuna bai tashi ba. Siririyar ƙarar nan da talabijin take yi, wadda yara suke ji manya da yawa ba sa ji, ita ma babu. Waɗannan abubuwa uku daga wuri ɗaya suke fitowa, wato filaibak da babban tiransiston da ke tuƙa shi sau dubu goma sha biyar da wani abu a kowace daƙiƙa. In wannan ɓangaren ya tsaya, zaren wuya ba zai yi ja ba, babbar wutar da ke jan hoto zuwa gilashi ma ba za ta samu ba.

Na hau sama na zaro mitata daga tsumma. Uwargida ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya ƙalau, a ajiye mini abincina.

Na auna wayar da ke kai wa allon wuta, volt 120 cif. Wannan wutar ba kai tsaye daga bango take zuwa ba, sai ta bi ta wata tiransifoma da ke ƙasan akwatin, wadda 120 take karɓa, 120 take bayarwa. Wanda bai sani ba zai ce ba ta da amfani. Aikinta raba allon da wutar gari, domin irin wannan allon ba shi da tasa tiransifomar, kuma jikinsa a haɗe yake da ƙasan fanel ɗin wasa da ƙarafan da mai wasa yake taɓawa. Wanda ya ciro allon ya jona shi a soket don gwaji, da zarar ya haɗa masa wayar hoto zai ji fashewa, in ma bai ji a jikinsa ba. Tsofaffin talabijin da suke jan mutum in ya taɓa eriya, ciwonsu ɗaya da wannan.

Kafin in ciro fanel ɗin allon sai da na sauke wutar da ke kwance a cikin kwalba. A nan ina roƙon mai karatu don Allah: in ba a hannun wani ka koya ba, kada ka gwada. Kwalba mai inci 19 tana aiki da wutar da ta haura volt 20,000, kuma tana iya riƙe ta bayan an zare filogi. Waya ake ɗaurawa a jikin ƙarfen da ke riƙe da kwalbar, ɗaya bakin a jikin sukudireba mai mariƙin roba, hannu ɗaya a aljihu, a zura bakin a ƙarƙashin kofin roba har ya taɓa ƙarfen ciki. A jira kaɗan a sake. Wannan ba ta yi ƙara ba, don ta daɗe ba ta samu wutar ba, amma duk da haka na yi. Inda tarkon G07 yake shi ne babban kwandansa na kan fanel, wato abin da ke tara wuta ya riƙe. Idan ƙaramin fis ɗin da ke bayansa ya ƙone, wutar da ya tara ba ta da hanyar fita. Na auna shi na tarar da sama da 150 a zaune, bayan an kashe injin. Da kwan fitila na sauke ta.

Fis ɗin kuwa ya ƙone, irin wanda ake like ƙafafunsa da dalma. Fis ba ya ƙonewa haka kawai, wanda ya sa sabo ya kunna ba tare da ya nemi dalili ba, asarar fis zai sake yi. Na cire babban tiransiston, 2SD870, mita ta nuna ƙafafunsa sun haɗe. Na juya filaibak, ga tsaga a jikinsa, wani baƙin abu ya tsattsafo ya bushe. Shi ne ya fara lalacewa, ya ja tiransisto, tiransisto ya ja fis. Kafin in sayi komai na yi dabarar da kowane mai gyara a Sabon Gari ya sani: na bar tiransiston a cire, na sa sabon fis, na jona kwan fitila mai wat 60 a madadin ɓangaren da ya mutu, na ba shi wuta ta tiransifomar akwatin. Kwan ya kama, mita ta tsaya a kan 120, adadin da wannan samfurin yake so. Ɓangaren daidaita wuta lafiyarsa ƙalau ke nan, ba zai kashe mini sababbin kaya ba.

Babban ɗana ne ya nemo mini kayan a intanet. Mamaki ya kama ni da na ga har yanzu ana ƙera sabon filaibak na allon da ya haura shekara talatin, kuma ana sayar da ƙananan kwandansa na kowane samfuri a ƙulle cikin leda ɗaya. Da suka iso na zauna a teburin kicin na sa su, ina kaffa-kaffa da wani ɗan naɗin waya mai daidaita faɗin hoto, don robarsa ta tsufa, taɓawa kaɗan take karyewa. Warin dalma ya cika gidan. Autata da aka haifa a nan ta toshe hanci, ni kuwa ban san lokacin da na fara 'yar waƙa ba.

Na mayar da fanel, na ce bismillah, na kunna. Na ji ɗan tsartsar babbar wuta, wuya ya yi ja, gashin hannuna ya miƙe. Muka zagaya gaba ni da tsohon. Baƙi ƙirin.

Ya dafa kafaɗata ya ce na yi ƙoƙari. Na ce masa ya dakata, wannan baƙin daban yake da na jiya. A kan ƙaramin fanel ɗin da ke wuyan kwalba akwai abin murɗawa da ke ƙara hasken fuskar gaba ɗaya. Na jingina madubin banɗaki a kan kujera, na koma baya ina murɗawa a hankali. Fuskar ta yi fari-fari, da siraran layuka a karkace, ta cika daga gefe zuwa gefe. Wannan ya nuna kwalba tana da rai, babbar wuta tana nan, shara, wato zirga-zirgar hasken da ke zana hoto, ta sama da ƙasa da ta gefe duk suna aiki. Hoton ne kawai ba ya shigowa. Wayoyin hoto ba su da yawa: ja, kore, shuɗi, ta ƙasa, sai wadda ke daidaita tafiyar hoton. Na taɓa filoginsu da bayan buroshi, launuka suka yi walƙiya suka ɓace. Da na sake ciro fanel na duba da gilashin ƙara girma, dalmar da ke riƙe da ƙusoshin filogin duk ta tsage zobe-zobe, aikin zafi da sanyi da jijjigar shekaru. Na narkar da ita na zuba sabuwa. Da na kunna, hoto ya fito yana gudu, na murɗa abin tsayar da shi, ya tsaya cak: layukan gidan wasan, ɗigo-ɗigo, da dodanni huɗu, ja da ruwan hoda da shuɗi-shuɗi da ruwan lemo. Inuwar hanyoyin ta riga ta ƙone a jikin gilashin saboda daɗewa ana nuna abu ɗaya, wannan ba shi da magani, tsohon ma ya ce haka yake son kayansa.

Ya yafe mini wani abu daga kuɗin hayar watan, amma abin da ya fi wannan shi ne bakinsa. Ya gaya wa surukinsa, surukin ya gaya wa wani mai tara irin waɗannan akwatuna. Ashe jama'a ce guda, mafi yawansu masu furfura, waɗanda suka yi ƙuruciya suna jefa kwabon senti 25 a cikin injinan nan, yanzu sun yi kuɗi suna nemansu ido rufe. A Brookfield, bayan garin Shikago, akwai gidan wasa mai suna Galloping Ghost da ke da ɗaruruwan irinsu a jere suna aiki. Masu iya taɓa kwalba kuwa sun yi ƙaranci, tsofaffin sun yi ritaya, matasa suna tsoron wutar. Na fara da ranakun hutu, daga baya na rage aikin sito, yau gareji ne shagona. Da na kira maigidana na Kano na ba shi labari, ya yi shiru ya ce, "Yanzu kai abin wasan yara ake biyanka ka gyara?" Na ce, "Baba, masu wasan sun kusa sa'anninka." Ya yi dariya har da tari, ya ce da tsohuwar zuma ake magani, ya sa mini albarka.

Akwai abin da nake saɓawa da mutanen nan a kai. Da allo ya ɗauke, abu na farko da suke yi shi ne sayen ledar kwandansa su canza duka, ba tare da sun auna komai ba. Kwandansan da ya shekara arba'in ya cancanci canji, ni ma ina canzawa. Amma ba shi ne maganin kowane baƙin allo ba. An kawo mini wanda matsalarsa tsatsa ce kawai a mazaunin fis na ƙasan akwati, an riga an wargaza fanel, an juya wa kwandansa biyu ƙafa. An kawo wanda yake kamawa na daƙiƙa ɗaya ya mutu, mai shi ya karanta wani wuri cewa a cire abin da ke kashe shi. Wannan abin kariya ne, yana yanke aiki ne idan wuta ta haura ƙima don kada kwalba ta fara fitar da haske mai cutarwa, gyaransa a nemo abin da ya sa wutar ta hau. Wani kuma layi ɗaya ne mai haske a tsaye, ya rantse ɓangaren shara ta gefe ne ya mutu, ya manta cewa kwalbar a kwance take, abin da yake gani a tsaye a wajenta a kwance yake. Mu da muka koyi aiki inda kayan gyara suke da tsada, kuma mai kaya yana tsaye a kanka, dole ta sa muka iya aunawa kafin mu saya.

Sa allon zamani a cikinsu kuwa ba na yi sai in kwalba ta mutu murus kuma an rasa madadinta. An zana wasannin nan ne don hasken kwalba, a kan allon kwamfuta hoton yana bushewa, baƙinsa ya koma toka-toka. Irin wannan kwalbar ce dai ba a ƙerawa yanzu. Tun farkon 2012 jihar Ilinoi, inda Shikago take, ta hana zubar da talabijin a shara, don haka mutane murna suke yi in ka zo ka ɗauke musu tsohuwa. Ina bi ina karɓar masu inci 19, in duba wuyan ko zai shiga soket, in auna naɗin wayar ko zai dace da fanel. Ba kowace ce take yi ba. Ƙanena ya turo mini bidiyon 'yan gwangwan a Kano suna fasa irinsu da guduma don su ciri jan ƙarfen wuya, na yi lissafin kuɗin jirgin ruwa da na kwastan, na ga ba za ta fitar da ni ba, na haƙura.

Yanzu haka wani Donkey Kong na Nintendo, na 1981, yana tsaye a garejin, shi ma fuska baƙa, kuma ko ƙara ba ya yi. Mai shi ya riga ya yanke hukunci cewa fanel ɗin wasan ne, har yana neman wani ya saya. Na ce ya riƙe kuɗinsa tukuna. Allon Sanyo ne a ciki, wutar 100 yake ci irin ta Japan, kuma abin da ke ƙara wa sauti ƙarfi a jikin allon aka ɗora shi, don haka in allon ya rasa wuta, sautin ma tafiya yake yi. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan fara da fis ɗinsa.